Ƙirare, Kara da Garin Gawayi: Tarihin Wutar Girkin Hartum da Umdurman

Shirinmu na tarihi a wannan karo ya leƙa Sudan, inda kogin Farin Nilu da na Shuɗin Nilu suka haɗu, Hartum na gefe ɗaya, Umdurman na tsallake. Tambayar da muka bi ƙarama ce a baki: garin da ke zaune a bakin hamada, wanda daminarsa ba ta taka kara ta karya ba, ina yake samun itacen girki? Sannan abin da ya rage bayan an sare daji, wato rassa da ƙirare da kututture da ɓawo, na wane ne? Makiyayi da ɗan kasuwar kan iyaka duk suna da hannu a cikin amsar, don haka ku gyara zama.

Bari mu faro daga Mahadi. Mutane da yawa sun san Muhammad Ahmad a matsayin malami kuma jagoran yaƙi, amma ba kowa ya san gidansu gidan masassaƙan jirgin ruwa ba ne. An haife shi wajejen Dungula a 1844, mahaifinsa kuwa ya kwaso iyali ya gangaro kudu zuwa Karari, arewa da Umdurman, saboda neman katako. Daga baya 'yan uwansa suka ƙara nausawa kudu har tsibirin Aba a kan Farin Nilu, inda itacen da Sudanawa ke kira sunuɗ yake da yawa. Sunuɗ ɗin nan ba baƙo ba ne a wurinmu, bagaruwa ce, wadda majema ke jima da 'ya'yanta. Kun ga tun a wancan zamani mai sana'ar itace yana bin daji ne kamar yadda makiyayi ke bin ciyawa, in ta ƙare nan a ƙara gaba.

Abin da ya fara cinye dajin bakin kogi da gaske shi ne jirgin ruwa mai hayaƙi. A zamanin mulkin Turkawa da Misirawa, wanda ya fara a 1821, aka kawo waɗannan jirage, kuma ba kwal a ƙasar, da itace suke tafiya. Jirgi ya yi 'yar tafiya sai ya tsaya, ma'aikata su sauka da gatari. A watan Janairu na 1885, da Turawan Ingila suka tura jirage biyu daga Matamma don su kai wa Gordon ɗauki a Hartum, dole ta sa suna tsayawa a hanya suna farfasa katakon gidajen mutane da na sagiya, wato keken katakon da shanu ke juyawa don jawo ruwan ban ruwa, suna cusawa a tukunyar jirgi. Sun hango Hartum ran 28 ga Janairu, garin kuwa ya riga ya faɗa hannun Mahadi tun ran 26.

Bayan rasuwar Mahadi, Halifa Abdullahi ya mai da Umdurman babban birni. Aka kwashe mutanen Hartum zuwa tsallake, aka ɓamɓare tubali da ƙofofi da azarar gidajensu aka yi sabon gini da su. Ƙauye ya zama birni cikin 'yan shekaru, kowane gida kuwa sai ya hura wuta. Kwale-kwale ke kawo itace ta kogi a sauke a Maurada, masassaƙa na aiki a Abu Rof, abin da ya zube daga bakin gizago kuma mata da yara su kwashe.

Turawan Ingila sun ci Umdurman a yaƙin Karari ran 2 ga Satumba 1898. Abin lura a nan, tun ba su gama zama ba suka yi dokar daji a 1901, suka kafa ma'aikatar gandun daji a 1902. Kada wani ya ɗauka son bishiya ne ya kawo wannan sauri. Jiragensu na kogi itace suke ci, layin dogon da suka shimfiɗa har ya kai Sinnar da Al-Ubayyid yana buƙatar katakon da ake jerawa a ƙarƙashin ƙarfe, kuma bagaruwa ce ke jure wannan aiki. Aka kafa tashoshin tara itace a bakin kogi. Aka keɓe dazuzzukan bagaruwa na Shuɗin Nilu tsakanin Sinnar da Rusairis, ana sare yanki a sake shukawa, aka kafa injin yanka katako a Suki. A 1932 aka ƙara wasu dokoki da suka raba dazuzzuka, wasu na gwamnatin tsakiya, wasu na larduna.

Daga nan ne maganar saura ta zama maganar hukuma. Gwamnati gangar jikin itace take so. Reshe da kan bishiya da gefen katakon da inji ya yar, su ne ake tarawa a sayar wa masu burodi da masu ƙona tubali, ko a yi gawayi da su. Mutumin ƙauyen da kakanninsa ke shiga wannan daji ba shamaki, yanzu an ce masa busasshen da ya faɗi ƙasa zai iya tsinta don girkin gidansa, ɗanye kuwa sai da takarda. Makiyayin da ya saba kakkaɓo wa awakinsa 'ya'yan bagaruwa da rani ya tarar da malamin daji a bakin hanya. Duk wanda ya taɓa yin cacar baki da ma'aikacin gandun daji a ƙasar Katsina ko ta Maraɗi a kan reshe guda ya san wannan labari, sunan gari kawai aka sauya.

Akwai daji ɗaya da dokar ta tsare a tsakiyar birni, shi ne dajin Sunuɗ na bakin Farin Nilu, dab da Mugran inda kogunan suka haɗu. An keɓe shi tun a shekarun 1930, a 1939 kuma aka mai da shi mafakar tsuntsaye. Da damina ruwan kogi ya shanye shi, da rani ya janye, a da kuma mutanen gari kan shiga shan iska. Ku riƙe sunansa, za mu dawo kansa.

To, ina namu mutanen a cikin labarin? Bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru ya rasu, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da hijira gabas da jama'arsa, suka zauna a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar, garin da har yau ake kira Mai Wurno. Ga kuma alhazan ƙafa da suka yada zango don neman guzuri, zangon ya zama gida. Da aka gama madatsar ruwa ta Sinnar a 1925 aka buɗe gonakin auduga na Jazira, hannun Hausawa da Fulani da Barebari da mutanen yammacin Sudan ne ya ɗauki kaso mai yawa na aikin ƙarfi. Cikin aikin nan har da wani mai ban takaici. Saboda cututtukan da suka yi wa auduga ɓarna a farkon shekarun 1930, aka wajabta tuge karan auduga har saiwa bayan an gama tsinka, a tara a banka masa wuta a cikin gona, kuma ba a yarda a fita da shi ba, don kada ƙwari da cuta su tsallaka zuwa baɗi. Ku auna: kowace shekara ana ƙone tulin makamashi a banza a kudu da Hartum, yayin da a cikin birnin mata ke ƙirga ƙirare. Dalilin hukuma na gaskiya ne, cutar ba wasa ba ce. Amma an yi shekara hamsin ana wannan ƙuna kafin a tashi neman dabara da gaske.

Babban sauyin ya zo ne da tarakta. A tsakiyar shekarun 1940 aka fara noman dawa da inji a ƙasar Gadarif, aka kafa hukumar noman inji a 1968, sannan dokar 1970 ta ce duk ƙasar da ba a yi wa rajista ba ta gwamnati ce. Aka riƙa yanka wa attajirai da manyan ma'aikata filaye masu faɗin gaske a Gadarif da Damazin da Habila ta kudancin Kurdufan. Kafin tarakta ta shiga sai an yi sassabe, dajin kuwa galibi na ɗalha ne, itacen ƙaya mai jan ɓawo wanda wasu Hausawa ke kira dushe. Gawayin ɗalha shi ne sarki a Sudan, yana daɗewa yana ci, ba ya yawan tartsatsi. Mai gona yana son a share masa fili, ɗan kasuwar gawayi yana son itace, sai suka ƙulla. Ɗan kasuwa ya kawo leburori ya ba su bashin abinci, su sare, su jera itacen tsibi, su rufe da ciyawa da ƙasa, su kunna, ya yi kwanaki yana cin kansa a hankali. A irin wannan ƙuna ta gargajiya, kilo biyar zuwa bakwai na itace ne ke ba da kilo ɗaya na gawayi, sauran ya tafi a hayaƙi. Manyan motoci su loda buhuna, su yi tafiyar kilomita ɗari huɗu daga Gadarif, ko ɗari biyar daga Damazin, su sauke a Umdurman.

A takarda, wannan gawayi daga saura aka yi shi, tunda dai dajin za a share shi ko ana so ko ba a so. A nan ne nake ganin kalmar ta fara yaudara. Da kuɗin gawayi ya yi daɗi, akwai masu karɓar fili ba don noma ba, don itacen da ke kai. A share, a noma shekara kaɗan, ƙasa ta gaji, a matsa gaba. Wanda ya biya kuɗin wannan ciniki ba ya wurin da aka ƙulla shi. Makiyayan Rufa'a da Shukriyya da Fulanin da ake kira Ambororo a can sun dawo daga mashekari sun tarar da burtali ya zama gona, itacen da raƙuma da awaki ke ci da rani ya koma buhu. Dokar daji ta 1989, wadda aka kafa hukumar gandun daji ta ƙasa a shekararta, ta ce a bar kashi 10 cikin ɗari na gonar damina da bishiyoyi, kashi 5 cikin ɗari a gonar ban ruwa. Doka ce mai kyau, masu bin ta ne ba su da yawa.

Farin 1984 da 1985 ya ƙara dagula lissafi. Dabbobi suka mutu a Kurdufan da Darfur, mutane suka kwararo suka yi sansani a Muwailih, yamma da Umdurman, wajen da 'yan kasuwarmu suka sani da kasuwar raƙuma da shanu. Makiyayin da ya rasa garke, abin da ya rage masa gatari ne da jaki. A yankin ƙaro ma haka. Da can manomi kan bar dakwara ta yi shekaru yana tsaga ta yana ɗibar ƙaro, in ta tsufa ya sare ya noma wurin, kututturen ya sake tohowa. Da yunwa ta zo kuma kuɗin ƙaro a hannun manomi bai taka kara ya karya ba, sai aka sare mai ba da ƙaron ma aka yi gawayi. Masu fataucin ƙaro da ke saurarenmu sun san bishiyar nan sai ta shekara huɗu ko biyar kafin a fara tsaga ta.

A shekarun nan na 1980 ne masana a Hartum, musamman na Majalisar Binciken Makamashi tare da tallafin ƙasashen waje, suka juya ga saura na gaskiya. Sun gwada ƙona karan auduga a cikin tukwanen ƙarfe tun a gona, zafin ya kashe ƙwarin, a niƙa gawayin, a kwaɓa da ruwan rake mai kauri da ke ragewa a masana'antar sukari, a cura shi dunƙule-dunƙule. Sun gwada matse ɓawon gyaɗa da tuƙar rake. Waɗannan ba su yi nisa a kasuwa ba, kuma dalilin ɗan kasuwa zai fi kowa gane shi. Kara abu ne mai cika mota ba nauyi, yana warwatse a gonaki dubu, yana samuwa wata biyu a shekara, ga kuɗin inji. Shi kuwa mai gawayin ɗalha kusan kyauta yake samun itacensa. Ta ina za ka yi gasa da wanda bai sayi kayansa ba?

Dabarar da ta fi burge ni ƙarama ce. A kowane wurin sayar da gawayi, bayan doguwar tafiya a mota da lodi da saukewa, ƙasan buhu gari ne da ɓurɓushi, Sudanawa na ce masa dugga. Kurfotin gargajiya ba ya cin sa, sai ya zube ta ramuka ko ya kashe wutar, don haka tsibi yake yi. Sai aka fito da wani kurfoti da aka sa wa suna kanun ad-dugga, wanda aka ƙera don ya ci garin nan, maƙeran gari kuma suka koyi yin sa da tarkacen ƙarfe. Abin da ake sharewa ya zama abin sayarwa, kuma ba a sare ko reshe ɗaya saboda shi ba.

Akwai kuma saura da ke fitowa daga garke kai tsaye. Masu ƙona jan tubali a bakin Shuɗin Nilu, irin na unguwar Jiraif, suna kwaɓa laka da kashin dabbobi, sannan su ƙona da itace. Ashe gidajen Hartum da yawa da kandilo aka gina su. Mai turken shanu kusa da birni ya samu abin sayarwa bayan madara, gona kuwa ta rasa taki.

Yanzu ga bishiyar da ta raba kan mutane, maskit. 'Yar uwar kirya ce, amma asalinta nahiyar Amurka. An shigo da ita Sudan a 1917, aka fara dasa ta wajen Hartum, daga baya a shekarun 1970 da 1980 aka yaɗa ta ko'ina don tare yashi. Ba ta jin fari, tana saurin girma, gawayinta ba laifi, 'ya'yanta zaƙi gare su, dabbobi na so. Nan gizo ke saƙa. Ƙwayar ba ta narkewa a cikin akuya, duk inda ta yi kashi ta shuka. Ta bi magudanan ruwa ta cika gonakin Sabuwar Halfa da na Tokar da na Gash, ta rufe mashaya, ƙayarta na huda kofato, dabbar da ta daɗe ba ta cin komai sai 'ya'yanta haƙoranta da muƙamuƙinta kan lalace. A 1995 shugaban ƙasa ya ba da umarnin a kawar da ita. An sa manyan injuna an tuge, ta dawo, domin in ba a cire saiwar ba sai ta toho, ƙwayar kuma na kwance a ƙasa tana jiran ruwa. Talakan gabashin Sudan kuwa ya mai da ita abin rufin asiri, yana sara yana gawayi yana turawa birni. Mai gona na tsine mata, mai gawayi na sa mata albarka, makiyayi na tsakiya. Mutanenmu na bakin tafkin Chadi, wajen Gigimi, sun san irin wannan rigima.

Sauƙi ya zo wa daji na ɗan lokaci daga wajen da ba a zata ba. Sudan ta fara fitar da man fetur a 1999, matatar Jaili da ke arewa da Hartum ta fara aiki a 2000, tukunyar gas ta yi araha ta shiga gidaje da gidajen burodi. Amma gawayi bai bar gari ba. Mata masu shayi a bakin titi da shi suke aiki, kofin jabana sai da shi, matan aure na turara jiki da hayaƙin itacen ɗalha, al'adar da suke kira dukhan. Ga kuma agashe, naman da Hausawa suka kai Sudan har sunan ya zauna a bakin Larabawa, wanda ba ya yiwuwa sai da garwashi. Wani gawayin ma ta Bur Sudan yake fita zuwa ƙasashen Larabawa, don shisha da turaren wuta. Da Sudan ta Kudu ta ɓalle ran 9 ga Yuli 2011 ta tafi da kusan kashi uku cikin huɗu na man, da kuma mafi yawan dajin, gas ya fara tsada da layi, buhun gawayi ya sake samun daraja.

Kafin mu ƙarasa, ga abin kwatance daga gida. A Nijar, dokar 1992 ta ba ƙauyuka damar kafa kasuwannin itace na karkara, su sayar da itacen dajinsu da kansu bisa ƙa'ida, wani kaso na haraji ya zauna a gari, kamar yadda aka yi a dajin Baban Rafi kudu da Maraɗi. A ƙasar Maraɗin nan kuma, tun daga 1983, manoma suka rungumi abin da ake kira sassaben zamani: kututture ya toho, a zaɓi reshe biyu ko uku masu ƙarfi a bari, a rage sauran a kai murhu. Wannan shi ne saura da ba ya cin uwarsa. Ba na cewa ba matsala, makiyaya da yawa na kukan ba a zauna da su ba lokacin da aka shata dazuzzukan. Amma aƙalla mai tsintar da mai bishiyar mutum ɗaya ne, ko maƙwabta ne. A Sudan kuwa mai cin ribar yana Umdurman, mai asarar yana tafiyar kwana biyu daga can.

Ran 15 ga Afrilu 2023 yaƙi ya ɓarke a Hartum tsakanin sojoji da dakarun Da'amus Sari. Wutar lantarki ta yanke, gas ya ɓace, hanyoyin motocin gawayi suka cika da shingayen masu bindiga, kowane shinge da kuɗinsa. Matatar Jaili ta faɗa cikin fagen fama, ta kama da wuta a Janairun 2025. Waɗanda suka rage a unguwannin Umdurman sun rayu ne da dafa-dukan taimako da ake kira takaya, inda ake girka wake da fate a manyan tukwane a raba wa layi, kuma da itace ake hura su. Aka fara da ƙirare, aka koma darbejiyar bakin titi, har ƙofofi da kujerun gidajen da aka gudu aka bari, kamar yadda aka yi wa Hartum a zamanin Halifa. Da sojoji suka karɓe birnin a watan Maris na 2025 mutane suka fara komowa, waɗanda suka je Mugran sun tarar da mafi yawan dajin Sunuɗ, wanda aka tsare fiye da shekara tamanin, ya zama filin kututture, an sare shi an yi katako da gawayi.